Kwana biyu a gidajen masu ƙasa na Ailan

Shekaranjiya na dawo daga Ailan, har yanzu sanyin bai sake min ƙashi ba. Daga Dublin na hau bas zuwa Strokestown a gundumar Roscommon. Ɗan gari ne da bai kai unguwa guda a Kano ba, amma babban titinsa faɗi kamar filin idi, a ƙarshensa kuma ƙofar gidan iyalan Mahon, masu ƙasar yankin a da, take. Tun zamanin Cromwell, jagoran sojan Ingila da ya ci Ailan da yaƙi, suka samu ƙasar, eka wajen 11,000, manoman da ke kai duk 'yan haya ne.

Kicin ɗin gidan ne ya tsayar da ni. An yi masa baranda ta sama, daga can uwargida ke jefo wa kuku takardar abin da za a dafa, ba sai ta sauko ba. Barori kuwa hanya aka haƙa musu ta ƙarƙashin ƙasa don kada baƙi su gan su. Mu ko a fada ne, bara zai durƙusa ya yi gaisuwa a amsa masa, a san da zamansa.

Lokacin da dankalin turawa ya ruɓe yunwa ta afka, Manjo Denis Mahon ya lissafa ya ga kuɗin jirgin da zai kwashe talakawansa zuwa ƙetare ya fi masa arha a kan ciyar da su. A 1847 mutum 1,490 suka taka kilomita 165 zuwa Dublin, daga can Liverpool, sai Kanada. Kusan rabinsu ba su kai labari ba. A Nuwamban shekarar aka harbe Manjo Mahon. Takardun koken da talakawan suka riƙa rubutowa suna nan, don Jim Callery, mai gareji a garin, da ya sayi gidan a 1979 ya tarar da su jibge, har aka buɗe gidan tarihin yunwar a 1994.

Shayi kofi ɗaya, ba ko burodi, yuro 4! Na lissafa da naira na kusa ajiye kofin. Tsohuwar da na sauka a gidanta ce ta wanke min zuciya, ta cika min jaka da burodin da ta gasa, na miƙa kuɗi ta ce, "Haba ɗana, mayar aljihu."

Washegari na leƙa Moore Hall, wani gidan masu ƙasa a gundumar Mayo. Kango ne a cikin daji, tun 1923 aka ƙone shi lokacin yaƙin basasa. Ruwan sama ya koro ni, ko hoton kirki ban ɗauka ba.