Ful da tamis kullum: shin yawan cin abu ɗaya yana jawo hasasiyya?

A gidajen Hausawa da yawa a Makka da Jidda, karin kumallo ɗaya ne shekara da shekaru: ful (dafaffen waken fava) da tamis (faffaɗan burodin alkama) da shayi mai madara. Da yaro ya fara susa ko cikin babba ya kumbura, sai a ce jiki ne ya gaji da abu ɗaya, a yanke shi. Wannan magana ba ta da tushe. Yawan cin abinci ba ya haifar da hasasiyya, wato alaji, kuma a wajen jarirai ma akasin haka aka gani.

A 2015 aka fitar da sakamakon binciken LEAP da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan, kan jarirai 640 masu haɗarin kamuwa da hasasiyyar gyaɗa. An riƙa ba rabinsu gyaɗa aƙalla sau uku a mako, aka hana sauran. Da suka kai shekara 5, hasasiyyar ta ragu da kusan kashi 80 cikin 100 a wajen masu ci. Shi ya sa yanzu ake shawartar iyaye su fara ba jariri niƙaƙƙiyar gyaɗa mai laushi wajen wata 6, ƙaramin cokali biyu a dama a kunu, sau uku a mako. Ƙwayar gyaɗa kam ba a ba shi, tana shaƙewa. Idan yana da ciwon fata na eczema (bushewa da ƙaiƙayi) mai tsanani ko ya taɓa yin bori da ƙwai, likita ya fara duba shi tukuna.

Hasasiyya ta gaskiya aikin garkuwar jiki ce, kuma ba ta ɓata lokaci. Daga mintoci kaɗan zuwa awa biyu bayan ci ake ganin borin jini, kumburin leɓe ko ido, amai, ko numfashi mai fito. Ɗan kaɗan ya isa ya tayar da ita, kuma kusan duk lokacin da aka ci sai ta dawo. Idan maƙogwaro ya fara toshewa ko mutum yana neman suma, maganin shi ne allurar adirenalin a gefen cinya, a kira 997, lambar motar asibiti a Saudiyya, nan take. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba ta buɗe hanyar numfashi.

Hasasiyya tana iya tasowa bayan mutum ya girma, musamman da jatan lande da kifi, sai mutum ya ɗora laifin kan yawan ci. Game da jatan lande, wani sinadarin da ke jikinsa yana kama da na ƙwarin ƙurar gida da na kyankyaso, kuma garkuwar jiki kan rikita su. Inda yawan mu'amala yake da hannu sosai shi ne shaƙa: mai aiki a gidan burodi da ke shaƙar garin alkama kullum yana iya kamuwa da asma.

Ful shi ne wanda na fi so a kula da shi, domin matsalarsa ba hasasiyya ba ce sam. Akwai masu gadon ƙarancin sinadarin G6PD a jini, abin da ya yawaita a Afirka ta Yamma da Sudan da gabashin Saudiyya, ya kuma fi bayyana ga maza. Waken ful yana iya farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, ido ya yi rawaya, yaro ya yi laushi. Asibiti za a nufa a ranar, don wani har sai an ƙara masa jini. Gwajin jini ne ke tabbatar da shi, kuma wanda aka samu da shi ya bar ful, ya riƙa gaya wa likita kafin a rubuta masa magani.

Madara kuma yawanci sukarinta ne hanji ya kasa narkarwa, sai iska da gudawa. Akasarin masu wannan suna ɗaukar kofi ɗaya, kimanin mililita 240, in an sha tare da abinci, zabadi (yogot) kuwa ya fi musu sauƙi. Idan alkama ake zargi, a yi gwajin cutar siliyak, wadda alkama ke lalata hanji a cikinta, ana kan cin tamis ɗin. In an daina kafin gwaji, sakamako na iya fitowa lafiya alhali cutar tana nan.

Gwajin jini na IgG (wani sinadarin garkuwar jiki) da ake tallatawa na abinci iri-iri a jere, ban ga dalilin kashe masa riyal ko ɗaya ba. Abin da yake nunawa shi ne abincin da mutum ya saba ci, don haka mai cin ful da alkama kullum su zai gani da jan layi. Manyan ƙungiyoyin likitocin hasasiyya na Turai da Amurka ba su yarda da shi ba. Illarsa ita ce uwa ta cire wa yaro madara da ƙwai da alkama a tashi ɗaya, ya rame ba gaira ba dalili.

Idan damuwar ta ciki ce kawai, babu kumburin fuska ko matsalar numfashi, a rubuta abin da aka ci da lokacin da alamar ta zo na mako biyu. Sai a cire abu ɗaya tak na mako biyu zuwa huɗu, a dawo da shi a gani ko alamar ta dawo. In an cire uku tare, ba za a san mai laifin ba. Wanda kuwa ya taɓa kumbura ko numfashinsa ya sarƙe, kada ya gwada a gida. Wannan na likitan hasasiyya ne, da gwajin fata ko na jini na IgE (sinadarin garkuwar jiki da ke tayar da hasasiyya), in ta kama a ba shi abincin kaɗan-kaɗan a asibiti ana lura da shi.