Talata a fadamar Kwalkwalawa: katantanwa a fangalin latas

Ruwan Gulbin Rima bai daɗe da janyewa ba, ƙasa na nan da laima, hunturu kuma bai kankama ba. Bayan sallar asuba na duba fangulan renon latas da kabeji: ganye duk huda, ƙananan tsiro an cinye su har ƙasa. Ba tsutsa ba ce. Tsutsa kan bar kashi a ganye, katantanwa kuwa yauƙi mai ƙyalli take bari. Shi ya sa feshin maganin ƙwari bai cika yi mata komai ba, asarar kuɗi ce kawai.

Aikin farko shi ne sauya lokacin ban ruwa. Da dare take fita kiwo, kuma sai a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa take tafiya da sauƙi, don haka ruwan yamma shimfiɗa mata hanya ne. Na tayar da inji da hantsi, kafin magariba saman fangali ya sha iska. Hakin da aka rufe iri da shi ma na kwashe, tunda tsiro ya fito. A ƙarƙashinsa na tarar da ƙwan katantanwa, farare ƙanana a dunƙule, na baje su a rana.

Da la'asar na kafa tarko iri biyu. Jiƙaƙƙen buhun algarara a gefen kowane fangali: nan za su ɓuya da gari ya waye, sai a ɗaga a tsince. Sai kuma gwangwanin tumatir da na binne, bakinsa ya ɗara ƙasa da kamar santimita 2. A ciki akwai haɗin ruwa lita 1, sukari cokali 2, yis cokali 1, wanda ya ishi gwangwani huɗu. Warin tsamin ke jawo su su nutse. Bayan kwana 3 a sake sabo.

Toka na tare su, amma raɓa ɗaya ta kashe amfaninta. Gishiri kuwa ban yarda da shi ba, yana lalata ƙasa. Maganin katantanwa na ƙwaya-ƙwaya mai sinadarin metaldihaid guba ne ga kaji, karnuka da yara.

Waɗanda na tsinta na kai wa agwagi. Na hana yara shiga kududdufi tsintar na cikin ruwa: waɗancan ne ke ɗauke da tsargiya, ta fata take shiga. Bayan isha'i zan sake zagayawa da tocila.