Batir biyu na saya, ashe ciwon a waya yake

Ƙanena, duk wanda ya mallaki mota akwai wata safiya da ke jiransa. Zai murɗa makulli ya ji ƙyat-ƙyat-ƙyat, fitilun gaban direba su dushe, inji kuwa ko motsi. Tawa safiyar ta riske ni wata bakwai bayan na sayi motata ta farko, 'yar Japan ta hannu mai silinda huɗu. Shirmen da na tafka daga wannan rana har wata biyar shi zan ba ka labari, tunda ni na riga na biya kuɗin karatun, babu dalilin da zai sa kai ma ka biya.

Ko leƙa tsohon batir ɗin ban yi ba. Na wuce wurin mai sayarwa kai tsaye na ce a ba ni babba mai ƙarfi, wai don in huta. Ya ɗauko mini wani mai rubutun 80D26R a jiki, na ga lambar ta fi wadda nake ɗan tunawa, na biya ina murna. Sai da na kai shi gaban mota na share ƙurar tsohon na ga an rubuta 55D23L. A lokacin na ɗauka rubutun kamfani ne kawai. Ashe kowane harafi da abin da yake faɗa. A tsarin Japan lambar farko matakin ƙarfin batir ce. Harafin da ke biye yana nuna faɗi da tsayi: D faɗinsa milimita 173, B kuma siriri ne, bai kai 130 ba. Lamba ta biyu tsawon batir ce a santimita, wato nawa sabon ya ɗara gurbinsa da santimita uku. Harafin ƙarshe kuwa, shi ne ya ja mini duk wahalar da ta biyo baya.

L da R suna gaya maka gefen da kowane kan batir yake, wato 'yan dalmar nan biyu da ake ɗaura wa waya. Ajiye batir a gabanka, gefen da kawunan suke ya zamana shi ne kusa da kai. Idan L ne, negatif na hagunka, fositif na damanka. Idan R ne, akasin haka. Mutane da yawa suna zaton L na nufin fositif a hagu, su kuskure. Ni ko zaton ma ban yi ba, domin ban san da zancen ba sam. Da na sauke batir a gurbi sai na ga jar waya tana kallon negatif, baƙa tana kallon fositif. Allah ya taimake ni na lura. Da na haɗa su haka, da babban fis ya tafi nan take, wataƙila da diyod ɗin da ke cikin altaneta, na'urar da ke cajin batir in inji na aiki, idan abin ya zo da ƙarar kwana har kwamfutar mota. Amma maimakon in mayar da batir a canza mini, sai girman kai ya hana. Na juya shi gaba ya koma baya. Hagu da dama sun daidaita, sai dai kawunan sun koma can ɗaya gefen, nesa da wayoyi. Na ja jar waya da ƙarfin tsiya har ta kai, a miƙe kamar tsirkiyar baka. Ƙarfen da ke danne batir daga sama kuma ya ƙi zama, na jefa shi a but na ɗaure batir da igiyar roba. Garin neman ƙiba na samo rama.

Ba Japan kaɗai ke da irin wannan tarko ba. Batir ɗin motocin Turai kawunansa a nutse suke cikin murfi, kuma daga gindi ake danne shi, yana da ɗan leɓe a ƙasa don haka. Girmansa ana kiransa L2, L3 da sauransu, kuma wannan L ba ta gefen kai ba ce: L2 tsawonsa milimita 242, L3 kuma 278. Idan ka sa na Japan mai tsinin kai a gurbin na Turai, kan na iya taɓa bonet, fositif kuwa in ya taɓa ƙarfen mota wuta ce. Amurkawa su kuma da lambar rukuni suke aiki, kuma 24 da 24F kusan girmansu ɗaya amma kawunansu a juye suke. Wasu motocin General Motors ma a gefe ake ɗaure musu waya, ba a sama ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki hoton tsohon batir yana zaune a gurbinsa da wayoyinsa, ka auna gurbin da tef, ka duba littafin motar, domin mai ita na baya ma yana iya kasancewa irina.

Batun ƙarfi kuma, lambobi biyu ne. Ah tana nuna yawan wutar da batir ke iya adanawa. CCA tana nuna yawan amfiyar, wato ma'aunin wutar da ke gudana a waya, da zai iya turawa lokaci guda. A ma'aunin Amurka ana gwadawa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, ba tare da batir ya faɗi ƙasa da folt 7.2 ba. Batir da ya ɗan ɗara abin da kamfani ya ce ba ya cutar da mota, kik, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, abin da yake buƙata kawai yake ja. Sharaɗin dai ya zauna daram a gurbi. Wanda ya gaza shi ne matsala. Kuma ka sani zafi ya fi sanyi cin ran batir, yana ƙafar da ruwansa yana cinye farantan dalmar da ke ciki. Don haka idan ka tarar da wata riga ta roba ko soso kewaye da tsohon, ba shara ba ce, kariya ce daga zafin inji, ka mayar da ita. Ni tawa na yar, domin sabon bai shiga cikinta ba.

Wata biyu mota na tashi lafiya ina yabon kaina. Sai ƙyat-ƙyat ta dawo. In na buɗe bonet na girgiza taminal, wato ƙarfen bakin waya da ke kama kan batir, sai mota ta tashi. Kowane rami a hanya batir na motsi, wayar da ke miƙe tana fizgar taminal, har bakinsa ya buɗe ya daina kamawa. Me na yi? Na samo 'yar ƙusa na buga tsakanin taminal da kan batir, na bi da dutse na daddaka. Kan batir dalma ce, mai laushi, kuma liƙe take da murfi. Dukan ya tsaga liƙin, tururin asid ya fara tsattsafowa, farin gari da kore ya rufe wurin kamar an barbaɗa. Ka lura ma, kan fositif ya fi na negatif kauri kaɗan, da gangan aka yi don kada a musanya su. Ƙananan batiran Japan masu harafin B kuma kawunansu sirara ne, taminal na yau da kullum ba ya kama su sai da zoben dalma da aka yi don wannan aiki. Ƙusa ba ta cikin lissafi.

Daga nan wani yaro mai aikin waya ya ce zai ƙara mini tsawon jar wayar. Ya yanke, ya dasa guntuwa, ya murɗa da hannu, ya naɗe da baƙin tef. A ido ta yi kauri. Mota ta ƙara sati uku, sannan ta koma tashi da nishi. Na yanke hukunci cewa batir jabu aka sayar mini, na je na sayo wani, wannan karon L, daidai gurbi. Kwana huɗu ya yi, ciwo ya dawo.

Wani dattijo mai aikin lantarkin mota ne ya raba gardamar, kuma ko minti goma bai yi ba. Ya ɗora mitar auna wuta a kan dalmar batir ɗin ita kanta, ta nuna folt 12.6. Ya ce, “Ɗana, batirinka cike yake.” Na ce, “To Baba, ga fitila ma tana haske rangaɗau, me ya hana ta tashi?” Ya ce in murɗa makulli in riƙe na ɗan lokaci. Da na sake, ya kamo hannuna ya ɗora a kan baƙin tef ɗin nan. Sai da na fizge, zafi kamar an ɗora a wuta. Ya sa wuƙa ya tsaga robar. Rabin kaurin duk roba ce, zaren ciki kuma da ya kankare jan ya tafi, fari ya bayyana: alminiyam ne aka yi wa shafen jan ƙarfe. Ya ƙara tsaga tsohuwar wayar daga bakin taminal, sai ga kore ya bi cikinta ya yi tsawon yatsa, zaren yana marmashewa.

Daga baya na zauna na yi lissafin abin da ya nuna mini da hannu. Fitilun gaba biyu masu wat 55 kowace ba su cika jan amfiya 10 ba, waya ko ta lalace za ta wuce da wannan. Kik ɗin ƙaramar motar fetur kuwa yana jan 100 zuwa 200, na dizal ya fi haka. Idan mahaɗa ta yi tsatsa har ta tare wuta da kashi ɗaya cikin ɗari na om kacal (om shi ne ma'aunin tare wuta), a amfiya 150 an yi asarar folt ɗaya da rabi, kuma wat 225 ya koma zafi a wurin da bai fi ɗan yatsa ba. Shi ne abin da ya ƙona ni. Alminiyam kuma kusan kashi 61 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka, in kaurinsu ɗaya. Gwajin ba wuya: tsinin mita ɗaya a kan dalmar fositif, ɗaya a kan notin kik, wani ya murɗa makulli. Idan ta haura rabin folt, waya ko mahaɗarta ce ke cin wutar. Haka za ka yi wa ɓangaren negatif, daga kan batir zuwa jikin inji, domin wutar da ta fita sai ta dawo, kuma ta wannan baƙar waya da wadda ta haɗa inji da jikin mota take dawowa. Ita kowa ke mantawa.

Dattijon ya cire wayar gaba ɗaya ya sa sabuwa ta jan ƙarfe zalla, ya matse bakinta da abin matsewa maimakon murɗi. Ina kallo ya wanke kan batir da ruwan bekin soda yana kumfa, ya goge da buroshin waya har dalma ta yi ƙyalli, ya tura taminal har gindi, ya ɗaure da sifana mai lamba 10 daidai inda hannu ba zai iya juya shi ba, bai ƙara ba. Sai bayan ya ɗaure sannan ya shafa giris a sama.

A nan ne ma ya tsawata mini, don na miƙa hannu zan taya shi da zobe a yatsa. Jikin mota duka negatif ne. Shi ya sa in za ka cire, negatif ake fara cirewa. In za ka mayar, shi ne na ƙarshe. Muddin yana haɗe, sifanar da ke kan fositif in ta gogi ƙarfen mota ɗaruruwan amfiya za su bi ta cikinta, zobe ko agogon ƙarfe in ya shiga tsakani sai ya yi ja a jikin fata. Batir da ke caji kuma yana fitar da iskar haidurojin, tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa shi ya watsa asid a fuska. Da na ba shi labarin yadda wani ya taɓa gwada mini altaneta ta hanyar zare taminal inji na aiki, sai ya girgiza kai kawai. Batir ne ke shanye tsallen wuta, in ka zare shi tsallen kan kwamfuta zai sauka.

Idan motarka irin wadda ke kashe kanta ce a tsayuwar danja ta sake tashi, batir ɗinta EFB ne ko AGM, wasu nau'o'in batir masu jure yawan tayarwa, kuma wadda ta zo da AGM da AGM ake maye mata. Wasu motocin, irin su BMW, sai an shaida wa kwamfuta cewa an sa sabo, in ba haka ba za ta ci gaba da yi masa cajin tsoho. Batir da ke zaune a but ko ƙarƙashin kujera yana da 'yar mesa da ke fitar da iska waje, ka tabbata ka mayar da ita. Sabon batir ma kada ka karɓa da ido: a nuna maka ranar da aka ƙera shi, a sa mita a gabanka. Wanda ya haura wata shida a ajiye, ko ya nuna ƙasa da 12.4, a ɗauko maka wani, domin batir da ya daɗe ba caji farantansa kan yi ɓawon da ba ya komawa.

Da ya gama ya ce in tayar. Taɓawa ɗaya ta kama. Ya mayar da mita kan batir inji na aiki, ta nuna 14.1, cikin iyakar 13.8 zuwa 14.4 da ake so altaneta ya bayar. Sai ya tambaye ni ina wancan mai R ɗin da na ce jabu ne. Na ce na bayar an ɗan rage mini kuɗin sabon. Ya ce in ban da tsagar da na yi masa da dutse, da har yanzu yana tayar da motar wani. Sannan ya ce in buɗe but in ɗauko ƙarfen dannewar nan, ba zai bar ni in tafi da igiyar roba ba.