Godiya ta musamman bayan bikin Montreux karo na 50

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdu lillahi, ranar Asabar 16 ga Yulin 2016 aka rufe bikin kiɗan jaz na Montreux a nan Suwizalan, mun miƙa makullan motoci, kowa ya koma gida lafiya. Ina cikin direbobin da ke ɗauko makaɗa daga filin jirgin saman Jeneba zuwa Montreux, tafiyar awa guda da ɗoriya ta gefen tafki, mu mayar da su idan sun gama. Yaba kyauta tukuici, don haka ga tawa godiyar a bainar jama'a.

Aikin bana ya zo mini da nauyi biyu. Shi ne karo na 50, baƙi sun yi yawa, jirage na sauka ba dare ba rana. Ga shi farkon bikin ya faɗo a ƙarshen Ramadan, a lokacin da rana ba ta faɗuwa a ƙasar nan sai wajen tara da rabi na dare, azumi ya kai kusan awa 18. Shugabar sashenmu, tun ban buɗe baki ba, ta tambaye ni lokacin buɗa-baki, ta rubuta a jikin jadawalinta, ta riƙa ba ni tafiyar safe tana ɗora ta yamma a kan wasu. Abokan aikin da suka karɓi wannan ƙari ban ji ko ɗayansu ya yi tsaki ba. Ranar Sallah kuma suka raba aikina a tsakaninsu har na samu Idi tare da iyalina a Lozan. Madam, na gode, Allah Ya saka da alheri.

Wata rana jirgi ya yi latti, magariba ta riske mu a kan babbar hanya, ina ɗauke da wani dattijo Ba'amurke mai ganguna da yaransa. Ya lura ina duba agogo, ga dabino a gefen giyar mota. Ya tambaye ni ko azumi nake, na ce masa e. Sai ya ce in tsaya a wurin hutawa na gaba, su ba sauri suke ba. Ya miƙo mini gorar ruwansa da ba a buɗe ba, suka tsaya a waje suna shan iska har na idar da sallah a gefen mota. Da muka kama hanya ya shiga ba ni labarin manyan jaz da suka musulunta, irin su Yusef Lateef da Ahmad Jamal, da Art Blakey wanda ya ɗauki sunan Abdullah Ibn Buhaina. Baba, ko wannan saƙo bai iso gare ka ba, na yi maka addu'a a wannan daren kuma ina kan yi.

Ina kuma gode wa wani matashi daga arewacin Turai mai kaɗa bas, ƙaton gogen nan da ya fi mutum tsayi. Shi ya koya mini yadda ake kwantar da shi a mota: a kan gefensa, wuyansa a tallafe da bargo, kada komai ya danne gaban da tsirkiyoyin suke. Bai yarda ya zauna a gaba ba, ya tafi baya ya dafa akwatin da hannu har muka isa. Da na ga haka na fahimci amanar da ake damƙa mana, na ƙara sassauta ƙafa a kowace kwana.

Albarkacin katin ma'aikata na ga abin da da kuɗina ba lallai in gani ba. Daren buɗewa a gidan Casino aka yi shi, inda bikin ya fara a 1967 lokacin da Claude Nobs da abokansa biyu, Géo Voumard da René Langel, suka shirya shi na kwana uku kacal. Wancan ginin ya ƙone a Disambar 1971 ana tsakiyar wasan Frank Zappa, wannan sabo ne aka gina. Charles Lloyd, wanda ya busa saksafon a wancan karo na farko tare da Keith Jarrett, shi aka dawo da shi yana da shekara 78. Ina tsaye can baya kusa da ƙofa. Tsohon zai busa jimlar kiɗa guda ya ja da baya, mai fiyano ya ɗauke ta ya juya ta, mai ganguna ya ba shi amsa, kamar mawaƙi da ƴan amshinsa, sai dai a nan ba wanda ya san abin da zai fito sai ya fito. Ni a ganina wannan sauraron juna shi ne jaz ɗin, kuma shi ya sa Ba'amurke da Bature da ba su taɓa haɗuwa ba za su hau dandali ɗaya ƙarfe biyun dare su fahimci juna. A bana an ga Herbie Hancock, an ga John McLaughlin na Ingila, an ga Monty Alexander ɗan Jamaika wanda wasansa na 1976 a garin nan ya zama faifai. Nobs bai ga wannan shekara ba, ya rasu a Janairun 2013, amma Mathieu Jaton da ya gaje shi ya riƙe gidan da kyau. Na gode wa masu tsaron ƙofa da suka riƙa matsa mini in leƙa.

Daren 14 ga Yuli labarin harin birnin Nice na Faransa ya iso mana, inda aka bi ta kan jama'a da babbar mota aka kashe mutum sama da 80, har aka soke bikin jaz na can. Da yawa cikin abokan aikina Faransawa ne, wasu na da dangi a garin. Washegari na shiga ofishin direbobi gabana na faɗuwa, ni Musulmi, ban san irin kallon da za a yi mini ba. Wanda ya fara ganina ya taso ya rungume ni, muka zauna muka yi jimami tare. Wannan ba zan manta da shi ba. Allah Ya ba iyalan waɗanda abin ya shafa haƙuri.

Godiya ga masu kicin da ke ajiye mini shinkafa da kifi da zafinsu har in dawo, da bakaniken da ya zo da asuba ya canja mini taya. Godiya ga Malam limaminmu da ƴan'uwan da suka yi mini nasiha kan aiki a wurin kiɗa cikin watan azumi. Na san ƙauna ce ta sa, na ji, na kuma kiyaye abin da kuka ce in kiyaye. Yaya, na gode da kai yara makarantar allo duk Asabar.

Uwargida kuwa, ke kika riƙa jira na har sahur, kika riƙe gida da yara ke kaɗai, ban taɓa jin ƙorafi daga bakinki ba. Allah Ya biya ki da Aljanna, Ya raya mana zuri'a. Duk wanda ya kira ni a kwanakin nan ban ɗauka ba, ina kan tuƙi ne, a yi mini afuwa, zan bi ku ɗaya bayan ɗaya cikin makon nan in sha Allahu.