Godiya ga waɗanda suka halarci zamanmu kan sojojin ƙetare a Sahel

Bayan sallama, a madadin 'yan kwamitin da suka shirya zaman tattaunawar ranar Asabar kan sojojin ƙasashen waje a yankin Sahel, ina miƙa godiya ga malamai, 'yan jarida, ɗalibai da dattawan da suka amsa gayyatarmu, suka kuma yi haƙurin zama har bayan la'asar, alhali da azahar muka yi alkawarin tashi.

Godiya ta farko ta malamin tarihin da ya buɗe zaman ce, domin shi ya mayar da mu 2011, lokacin da jiragen NATO suka taimaka aka kifar da Gaddafi, makaman Libiya suka kwararo arewacin Mali, har Faransa ta shigo da rundunar Serval a Janairun 2013, wadda Barkhane mai dakaru fiye da 5,000 ta gaje ta. Ya kuma bi mana sawun ficewar Faransawan daga Mali a 2022, Burkina Faso da Nijar a 2023, da Chadi a farkon 2025, da yadda Amurka ta bar sansaninta na jirage marasa matuƙa a Agadas a Agustan 2024, wata huɗu bayan masu horar da soja na Rasha sun sauka a Yamai.

Daga nan ne zaman ya nemi ya ƙwace mana, saboda zauren ya rabu biyu, wasu na ganin korar Faransa ita ce 'yancin kai na gaskiya, wasu na cewa ubangida kawai aka sauya. Shi ya sa nake yi wa Hajiyar nan 'yar jarida godiya ta musamman, wadda ta miƙe ta ambaci ƙauyuka biyu na Mali. Ta ce a Bounti, a Janairun 2021, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano harin jirgin Faransa ya kashe fararen hula 19 a wurin ɗaurin aure, Faransa ta musanta. A Moura kuwa, a Maris ɗin 2022, Majalisar ta ce sojojin Mali da mayaƙan ƙetare sun kashe aƙalla mutum 500, gwamnatin Bamako ita ma ta musanta. Sai ta roƙi kowane ɓangare ya faɗi wanne daga ciki yake shirye ya kare. Ni kaina, da na shigo zauren da nawa ra'ayin a aljihu, ban sami bakin magana ba, kuma a ganina wannan tambayar ce ta ceci zaman.

Ina ba da haƙuri ga ɗaliban da suka rubuto tambayoyi kan jirage marasa matuƙa na Bayraktar ƙirar Turkiyya da ma'adinin yuraniyom na garin Arlit da ke Nijar amma lokaci bai kai kansu ba. Takardunku suna hannuna, kuma da su za mu buɗe zama na gaba in Allah ya yarda. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan waɗanda suka rasu a Bounti da Moura.