Yadda muka zana Rabe ba tare da fuskarsa ba

Sana'ata rubutun allon shaguna ce a Kusuri, garin Kamaru da ke kan iyaka da Chadi. Ni ne mai zana kawunan samari a ƙofar masu aski, labari cikin zane kuwa a gefe nake taɓawa. Da wata cibiyar al'adu ta nemi matasan Kamaru da Chadi su haɗu su fitar da ɗan littafin zane guda, sai na shiga, tare da samari daga Njamena da wani Babarbare da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno.

Ƙasashe sun daɗe suna neman shiga zuciyar mutane ta wannan hanya. A 1966 aka fara buga mujallar Kouakou a Faris ana kai wa yaran ƙasashe rainon Faransa, iyayenmu da suka yi boko har yau suna tuna ta. Japan kuwa a 2008 kyanwar katun ɗinta Doraemon ta naɗa jakada. Su tallar kansu suke yi. Mu maƙwabta ne da kogin Logon ya raba, kullum muna tsallaka gadar Ngeli, amma kowa da tarihin da aka ba shi a gida.

Muka zaɓi yaƙin Kusuri na 22 ga Afrilu 1900, ranar da sojojin Faransa suka kashe Rabe, mayaƙin da ya fito daga Sudan ya ci daular Borno, shi ma kwamandansu Lamy ya mutu. Sunan Lamy aka sa wa garin da ke ƙetare, Fort-Lamy, sai a 1973 ya koma Njamena. Labari ne na kowa, shi ya sa muka ɗauka zai zo da sauƙi.

Rigima ta tashi ne a kan fuska. Mai rubutu zai iya cewa "Rabe ya iso" ya wuce abinsa. Mai zane dole ya ba shi ido da gira da baki, kuma da zarar ya ja girar sama ko ƙasa ya riga ya yanke hukunci. Wani yaro daga Njamena ya zana shi dogo, da rawani, da kwarjini irin na limamin Juma'a. Babarbaren ya ɗauki takardar ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Yaya, mutumin da ya ƙone Kukawa a 1893 za ku yi wa fuskar waliyyi?" Yaron ya ce ai shi ne ya tsaya wa Nasara har ya faɗi. Dukansu gaskiya suka faɗa, kuma ba wanda ya yi niyyar janyewa.

Abin da ya raba gardama shi ne muka sauya mai ba da labarin. Muka ɗauko wata mata Bakotokuwa, 'yar ƙabilar Kotoko ta yankin, mai sayar da busasshen kifi, wadda muka ƙirƙira, duk abin da ke shafin ta idonta ake ganinsa. Ita ba ta taɓa kusantar Rabe ba. Tana ganin tutoci daga nesa, kofaton dawaki, hayaƙin bindiga, da bayan wani mutum a kan doki. Lamy ma hularsa kawai ta hango. Akwai sanannen hoton kan Rabe da aka sare aka ɗaga bayan yaƙin, wasu suka so mu kwaikwaya. Na ƙi. Muka zana fuskokin masu kallo a maimakonsa: tsohuwa na guɗa, wani ya rufe idon ɗansa da tafi, wani sojan haya na duba takalminsa da ya tsinke. A ganina wannan shafin ya fi duk sauran, ko da yake masu ba da kuɗin sun ce ya yi duhu.

Sauran darussan a wajen bugawa na koye su. Siririn layi ɓacewa yake a injin fotokofi, baƙi mai yawa kuma yana shan tawada har mai shago ya ƙara kuɗi. Sannan yaran makarantar allo daga dama suke fara bin hotuna, na boko daga hagu, sai wani ya ga an binne mutum kafin a harbe shi. Muka jera hotunan daga sama zuwa ƙasa, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, magana ta ƙare.

Wuraren magana kuwa fanko muka bar su a rabin kwafin, kowane malami ya sa ɗalibansa su cike da Faransanci, Larabcin Chadi, Fulatanci ko Hausa, wasu ma da ajami. Da aka dawo mana da su, mai kifin nan a wani kwafi tana tsine wa Rabe, a wani tana yi masa addu'a, a da yawa kuma kukan kwandonta da dawaki suka tattake kawai take yi. Yanzu musayar waɗannan kwafin muke yi tsakanin makarantun Kusuri da na Njamena, Babarbaren kuma ya fara zanen Dikwa, inda Rabe ya yi fadarsa.