Abin da maɓalli ɗaya ya koya mini a wata mashaya ta Manchester

A makon jiya na mayar da katin shiga ɗakunan bita na makarantarmu, bayan na shafe shekara uku ina karatun kiɗa a Manchester, kuma tun ranar ƙannena biyu da ke aji na ƙasa suke damuna da in rubuta musu abin da na koya. Na so in jero musu abubuwa da dama, amma duk lokacin da na zauna rubutu sai hankalina ya koma kan dare ɗaya na watan Disamba a shekarata ta biyu, saboda haka a kansa zan fi tsayawa.

Ba sai na ɓata lokaci wajen bayanin yadda ranar ɗalibin kiɗa take ba, tunda waɗanda nake yi wa rubutun a ciki suke. Ranar Juma'a ce, na shiga ɗakin bita da ƙarfe 8 na safe domin lokacin kaɗai na samu a jadawali, na halarci darasin jituwar sauti da hantsi, na ga malamata ta piyano da ƙarfe 2, kuma kafin ƙarfe 4 duhu ya rufe gari kamar yadda yake yi a arewacin Ingila a wannan wata. Da misalin ƙarfe 6 na saɓa kibod ɗina mai maɓalli 88, na hau bas a titin Oxford, ban sa komai a cikina ba sai shayi da burodi tun safe.

Kafin in kai ga abin da ya faru, dole in faɗi wani abu da na ɓoye wa kowa a makarantar har tsawon shekara ɗaya da rabi. A Jos na koyi kibod, a coci, kuma duk wanda ya taɓa kaɗa wa zumuntar mata ya san cewa mama mai ɗauko waƙa ba ta tambayar makaɗi a wane mataki za ta ɗora muryarta. Inda maƙogwaronta ya sauka nan waƙa ta fara, kai ne za ka bi ta a guje. Tsakanin kowane sauti da takwaransa na sama akwai taki 12, kuma ana iya ɗora waƙa a kan kowane ɗaya daga cikinsu, abin da makaɗa ke kira ki. Ni uku kaɗai na iya da gaske, wato C da F da G. Sauran tara kuwa maɓallin taransfos ne yake yi mini su, wanda idan ka danna shi sai na'urar ta ɗaga ko ta saukar da sautin gaba ɗaya, yatsunka suna nan inda suka saba. Makaɗan coci da yawa a gida haka suke yi, kuma ba na ganin laifinsu, domin ibada ba ta jiran mai koyo. Laifina shi ne na ƙetaro da wannan dabara zuwa makarantar kiɗa, na ci gaba da fakewa a bayanta. Babban piyano na katako ba shi da irin wannan maɓalli, amma jarrabawarmu a kan rubutattun kaɗe-kaɗe ake yi, waɗanda mutum ke da watanni yana haddacewa, don haka asirina bai tonu ba.

Ƙungiyar da na shiga mu biyar ne: mawaƙiya da mai jitar bes da mai ganguna da ni, dukkanmu ɗalibai, sai shugaban, mai kaɗa jita, mutum ne da ya ba shekara 40 baya kuma ya san masu mashaya da yawa a gari. A Ingila ƙananan ƙungiyoyi a irin waɗannan wurare suke fara samun masu sauraro. Dokar kiɗan kai tsaye ta 2012 ta sauƙaƙa wa mashaya mai lasisi ta sa a yi kiɗa da lasifika ba tare da neman wani izini daban ba, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 11 na dare, muddin jama'a ba su wuce 200 ba, kuma a 2015 aka ɗaga adadin zuwa 500. Wannan ƙarfe 11 ɗin shi ne bulalar da shugabanmu yake kora mu da ita. Ba ya yarda a bar ko numfashi tsakanin waƙa da waƙa, ana rufe ɗaya mai ganguna yake ƙirga ta gaba.

Akwai kuma batun takarduna. Bizar ɗalibi tana ba mai karatun digiri damar aiki na awa 20 a mako lokacin zangon karatu, amma ta hana shi sana'ar kansa, ta kuma hana shi aiki a matsayin mai nishaɗantarwa, sai dai wasan da makaranta ta shirya a cikin karatunsa. Na faɗa wa shugaban wannan tun ranar farko. Muka yi magana cewa ba zan karɓi kaso ba, zan kaɗa ne don in goge, shi kuma zai sa a ba ni abinci ya kuma mayar da ni gida a tasi saboda nauyin kibod. Da baki muka yi, ban nemi ko saƙon waya ba, domin a tarbiyyar da na taso neman shaida a wurin babba rashin kunya ne.

Zagayen farko na minti 45 ya tafi lafiya. An cusa mu a wani lungu kusa da allon jifan kibiya, ni a jikin ganguna, lasifika ɗaya tak ke fuskantarmu, ita ma tana gaban mawaƙiya, ta yadda abin da ke isowa kunnena shi ne ƙarar farantan ƙarfe na mai ganguna da hayaniyar masu sha. A lokacin hutu mawaƙiyar ta zo tana riƙe da kofin ruwan ɗumi, ta ce mura ta kama mata maƙogwaro, ta roƙi a saukar mata da waƙa ta huɗu taki biyu. Masu jita ko a jikinsu, domin matsar da hannu kawai za su yi. Waƙar a F take, kuma saukar da ita taki biyu zai kai ta wani ki mai baƙaƙen maɓallai uku wanda ban taɓa sakewa a cikinsa ba. Na ce babu damuwa. Da lokaci ya yi na miƙa ɗan yatsa na danna maɓallin sau biyu, ƙaramin allon na'urar ya nuna an rage biyu, waƙa ta tafi sumul, har wata dattijuwa ta tashi tana rawa da jakarta a hannu.

Waƙa ta biyar da piyano kaɗai take buɗewa. Ana rufe ta huɗu shugaban ya ɗaga mini gira, ni kuma na faɗa ciki ban kalli allon ba. Na kaɗa gabatarwar da kyau, mawaƙiya ta ɗauki muryarta daga wurina kamar yadda aka saba, ta yi baiti ɗaya, sannan jita da bes suka shigo a ainihin matakin waƙar, taki biyu sama da mu. Duk wanda ya taɓa jin sauti biyu maƙwabtan juna suna goga kafaɗa ya san yadda abin yake tayar da tsigar jiki. Abin da har yau yake ci mini rai ba mantuwar ba ce, abin da na yi bayanta ne. Yatsuna suna kan maɓallan da suka dace, idona yana gaya mini daidai nake, don haka na yanke hukunci cewa mai bes ne ya ɓata. Na juya na zuba masa harara, na ƙara ƙarfin bugu domin in jawo shi hanya. Kusan rabin minti na yi ina wannan, mawaƙiya tana lilo tsakanina da su ba ta san wanda za ta bi ba, har muryarta ta sarƙe.

Shugaban ya ɗaga hannu ya tsayar da kiɗa. Ya matso bakin makirufo yana murmushi, ya ce: "Ku yi haƙuri jama'a, mai piyanonmu daga nesa ya zo, da alama kiɗansa yana kan hanya bai ƙaraso ba tukuna." Wurin ya ɗauki dariya. A lokacin ne idona ya sauka kan allon na ga lambar tana nan daram. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na mayar da ita sifili, muka sake ɗauko waƙar, muka kai ƙarfe 11, amma ban iya tuna ko ɗaya daga cikin waƙoƙin da suka biyo baya ba.

Bayan an tashi, mai wurin ya ƙirga wa shugaban fam 300 a kan kanta. Ya raba da sauran ukun, wannan kuwa ban yi tsammanin wani abu dabam ba. Da na tuna masa maganar tasi, sai ya ce, yana naɗe wayar jitarsa bai ko ɗago kai ba, tasi ta waɗanda suka kaɗa waƙa ɗaya da ƙungiya ce. Ya ƙara da cewa mai irin takarduna ba shi ne ya kamata ya riƙa ɗaga murya kan kuɗi a wurin wasa ba. Abinci ma an rufe kicin tun ƙarfe 9, babu wanda ya ajiye mini. Na fito ana yayyafi da kibod a kafaɗa, sai na ji an kama ɗaya gefen jakar. Mai bes ne, wanda na gama harara a gaban mutane. Ya raka ni har tashar bas, muna tafe kamar masu ɗauke da gawa, bai ce uffan ba kan abin da ya faru, sai labarin ƙwallo da ya yi ta ba ni.

Na daɗe ina auna wannan dare, kuma ba zan wanke kaina ba: kuskuren nawa ne, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Amma ina da hukunci a kan mutumin nan, kuma shekara ɗaya da rabi ba ta sauya shi ba. Shugaban mawaƙanmu a Jos, idan makaɗi ya ɓata, tafi yake ɗauka da ƙarfi ya jawo jama'a su rufe ɓarakar, faɗan kuma sai an koma bayan coci, inda zai wanke ka tas babu mai ji. Wanda ya kwance wa yaronsa zani a kasuwa domin ya samu dariyar mashaya, sannan ya mayar da dokar ƙasa sandar da zai hana shi kuɗin mota, jita kawai ya iya, bai iya riƙe mutane ba. Daga baya na fahimci dalilin da ya sa ya fi son ɗalibai, musamman baƙi. Ƙungiyar makaɗa ta Birtaniya, wadda a nan Manchester aka kafa tushenta a 1893, tana karɓar ɗalibai, kuma tana da takardun yarjejeniya da aka tanada domin irin wannan wasa. Ban san da haka ba sai bayan da ruwa ya riga ya dake ni.

A darasi na gaba na zayyana wa malamata komai, har da ki ukun da na iya. A can da sunanta kowa yake kiranta, ni dai bakina bai taɓa iya wannan ba, kuma ta gaji ta ƙyale ni. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma lallashe ni ba. Ta tambaye ni wace waƙa na fi sani a duniya, na ce wata ta zumuntar mata da mahaifiyata take yi tana tuƙa tuwo. Ta ce in kaɗa mata, na kaɗa a F. Ta ce mako mai zuwa tana son ta a taki ɗaya sama, mako na bayansa a na sama da shi, har mu zagaye 12, kuma ba da takarda ba. Makonni uku na farko azaba ne, domin hannuna ya riƙa zamewa yana komawa gida kamar jakin da ya san hanya. Wajen mako na bakwai na lura cewa na daina tunanin sunayen maɓallai, na koma jin nisan da ke tsakanin sauti da sauti, wato abin da kunnena ya iya tun ina yaro amma maɓallin ya hana yatsuna koya. Na liƙe taransfos ɗin da baƙin salatif, yana nan a liƙe har yau.

Sauran abubuwan da zan gaya wa ƙannena ba su da tsawo. Ku sayi abin toshe kunne na makaɗa kafin ku zauna kusa da ganguna, domin dokar aiki a Birtaniya ma ta ɗauki ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85 a yinin aiki a matsayin wadda dole a kare kunne daga gare ta, ganguna kuwa sun wuce nan. Ku ci abinci kafin ku fita. Ku rubuta ki a gefen kowace waƙa a jerin da kuke ajiyewa a ƙasa, ku tafi da taku wayar haɗa kayan kiɗa da lasifika ko da an ce akwai. Idan kiɗa ya rikice, ku fara zargin kanku kafin ku harari maƙwabci. Duk alkawarin da babba ya yi muku, ko na kuɗin mota ne, ku tura masa saƙo cikin ladabi kuna maimaita shi, ku ajiye amsar.

Ban sake kaɗawa da ƙungiyar ba. Ni da mai bes da mawaƙiyar muka haɗa tamu a cikin makaranta, da su kuma na yi wasana na kammala karatu. A watan Mayun da ya wuce saƙo ya shigo wayata daga tsohon shugaban, yana cewa mai piyanonsa ya yi tafiya, ko zan iya rufa masa asiri ranar Asabar. Na amsa masa cewa ya turo mini jerin waƙoƙin da sharuɗɗan a rubuce, kuma kada ya damu da batun ki, ya ɗora su duk inda ya ga dama. Na ga alamar ya karanta, amma bai ba da amsa ba.